Kafin ka sayi sabon madabod, kunce tsohuwar ka gani

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, bai gama zama ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba wannan bod ɗin, har fitilu gare shi." Madabod ne, wato babban faifan da sauran kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa, samfurin B450, wai zai saka a tsohuwar kwamfutar teburin babansa. Na ce wace furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce a ciki? Ya ce ai i5 ce. Da muka je muka kunce murfin, i5-3470 ce ta 2012, soket ɗinta, wato gurbin da take zama a bod, LGA 1155, ram ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi, DDR3. Bod ɗin da ya ƙwallafa rai a kai kuwa na furosesar Ryzen ta kamfanin AMD ne, soket AM4, ram kuma sai DDR4 yake karɓa. Ko hanya ba su haɗa ba. Gabana ya faɗi, don kaina na gani.

A 2018 ina da kwamfuta 'yar gwanjo, irin ta ofis, da i5-6500 a ciki. Da ita nake buga wa mutane takardu da katin biki. Na ɗauki adashi na sayo bod B360, don na ga lambar soket 1151 a jikin kwali, tawa ma 1151 ce. Da na zo gida, ramukan kusoshin akwatin ba su dace ba, fawa-fak ɗin kuma, wato na'urar da ke ba bod wuta, bakinsa ba mai fil 24 da sabon bod ɗin ke buƙata ba ne, nasu ne na kamfani. Maimakon in tsaya, sai na ƙara kuɗi na sayi akwati da fawa-fak. Furosesa ta zauna daram. Na danna makunni, allo baƙi ƙirin.

Har yau ina cewa ba duka laifina ba ne. Lamba ɗaya, rami ɗaya, wa zai kawo a ransa cewa bod ɗin na furosesocin Intel 'yan ƙarni na 8 da na 9 ne kawai, tawa kuwa ta 6? Amma in za a faɗi gaskiya, wani mai gyara ya ce in bari ya duba min, na ƙi, don kada a ce ban iya ba. Dare guda ina cirewa ina mayarwa, har gefen furosesar ya gogi filolin soket. Da na mayar, mai shago ya ɗaga bod ɗin a hasken ƙofa, ga filoli huɗu sun kwanta kamar gero bayan iska. Ya miƙo min abina. Sati uku ban yi aiki ba, ana tsakiyar bukukuwa, wasu masu kawo min aikin ba su sake dawowa ba. Kunyar matata ta fi asarar ciwo, don da kuɗinta a adashin.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon abu? Bidiyon daƙiƙa talatin ya ishe ku yanke hukunci. To ka rubuta cikakken sunan furosesarka, ka shiga shafin kamfanin bod ɗin, ka nemi jerin waɗanda yake ɗauka. In babu taka, ka mayar da kuɗinka aljihu, ko da fitilunsa za su haska unguwa.

Ni da zan so ma kada ka taɓa bod ɗin. Saka wa kwamfutar SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, ka ƙara ram, za ka ga ta farfaɗo. Sai dai kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa daga ƙarni na 8 take farawa a wajen Intel, to har yaushe za ka yi ta lallaɓa tsohuwa? In canjin za ka yi, tara kuɗi ka sayi bod da furosesa da ram a rana ɗaya, a kunna a gabanka kafin ka biya.

Yaron ya ce, "To Kawu, na ji." Amma da zai fita na ga hoton yana nan a buɗe a wayarsa. Na kira uwarsa na ce kada ta ba shi ko sisi sai mun je kasuwar tare.