Agwagin Turawa da kachalar Kawu

Tun ina yaro nake jin Kawu yana zancen agwagin Turawa. Shi masunci ne a wani ƙauye can wajen Gashuwa, kuma duk zuwan da zai yi Kano wurin mahaifiyata sai ya ba mu labarin tsuntsayen da ke sauka a fadamarsu idan hunturu ya kama, ba sa sheƙa a nan, ba sa ƙwai, da zafi ya fara sai a neme su a rasa. Sai bana, cikin watan Janairu, Allah ya nufa na je na gani da idona.

Bayan sallar asuba muka nufi Dagona, ni da shi da wani ma'aikacin gandu, don wurin yana cikin gandun dajin Tafkin Chadi na gwamnatin tarayya, ba a farauta a ciki. Sanyi har cikin ƙashi, hazo ya rufe gorubar da ke bakin ruwa. Kunnena ne ya riga idona. Kirinjijiya na ta fito kamar yaran makarantar allo sun taso, ɗinya na ratsa ruwa a natse, zalɓe ya ƙame a gefe yana jiran rabonsa. Da gari ya ƙara wayewa Kawu ya taɓa kafaɗata.

"Ɗana, ga baƙin can."

Agwagi ne sirara masu doguwar jela mai tsini, ga wasu ƙanana da ke bin gaɓa suna tsattsagar laka. Daga arewacin Turai da Rasha suke tasowa idan ƙanƙara ta rufe musu ruwa, su haye Bahar Rum, su ƙetare Sahara, kuma wannan fadama ta Haɗeja da Nguru tana cikin wuraren farko da suke samun ruwa bayan hamada. Saboda su da ire-irensu aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Tsuntsun da bai kai kazar gidanmu ba ya yi tafiyar da ni ban taɓa yin kwatarta ba.

Da hantsi Kawu ya ce tunda na ga abin sha'awa, in zo in ga abin da ke hana shi barci. Muka shiga kwale-kwalensa. Ba mu yi nisa ba hanya ta toshe da wata ciyawa da ta fi mutum tsawo, a cushe, ko sandar tuƙi ba ta shiga. Kachala ke nan. Ya nuna mini inda da yake zuba raga ya kwashi tarwaɗa da karfasa, da inda mahaifinsa ke noman shinkafa. Duk ta cinye. A cikinta kuma janbaki ke kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su faɗa wa gero da shinkafar mutane.

A nan ne jikina ya yi sanyi, domin asalin matsalar daga wajenmu Kano take. A da, kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika da damina su malale ko'ina, kifi ya hayayyafa, da rani ruwa ya janye, manomi ya shuka a danshi, makiyayi ya kawo shanu. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ruwa ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara, hanyoyin ba sa bushewa. Abin da kachala ke so ke nan. Ta tare ruwan, laka ta taru, wasu ƙauyuka ruwa ya shanye musu gonaki, wasu kuma suna kallon busasshen rafi.

Ni kuwa shinkafar Kura nake ci, tumatirin Kadawa ake mini miya da shi, duka da ruwan Tiga. Ba zan ce a fasa dam ba, miliyoyin mutane na cin abinci da shi. Amma ina ganin hakki ne a riƙa sakin ruwan da lissafin mutanen da ke ƙasan kogi, a bar damina ta zama damina, rani ya zama rani, a kuma yashe hanyoyin da suka toshe. Wanda ya ce yana son tsuntsayen Dagona bai damu da ragar Kawu ba, bai fahimci wurin ba, ruwa ɗaya suke jira.

A hanyar komawa na tambaye shi gauraka, don na so in ji kukanta. Ya girgiza kai, ya ce yana saurayi sukan gan su bibbiyu a fadama suna rawa, yanzu ya manta rabon da ya ga ko ɗaya.

Mutanen ƙauyen kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje, su yanke kachalar a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe kada ta sake tofowa da wuri. Kawu ya ce bayan ƙaramar salla za su sake fita. Ya ƙulle mini bandar kifi a takarda, ya ce in gaida ƙanwarsa. Na ce masa ya ajiye mini lauje ɗaya, in sha Allahu da ni za a shiga.