Alhamdulillah, Baba ya dawo gida

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da la'asar aka sallamo Baba daga asibitin Shika da ke Zariya, yanzu haka yana ɗakinsa nan Tudun Wada yana ta faɗa wai kunun ya tsinke da yawa, mu kuwa wallahi faɗan nan daɗi yake mana.

Duk wanda ya san Baba ya san ya kai shekara 3 yana fama da abin da muke ce wa olsa, kullum omeprazole daga kemis, in ya lafa sai mu ce ya warke. Bayan ƙaramar sallah muka ga yana ta rama, loma uku ya ce ya ƙoshi, ashe har bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta bai faɗa wa kowa ba sai da Mama ta tsare shi. Wata likita ce yarinya ƙarama, Baba ma da farko raina ta ya yi, ta ce ita kam ba ta ƙara rubuta maganin olsa sai an yi endoskopi, wato a zura siririyar kyamara ta baki har cikin tumbi. Ya kwana bai ci komai ba aka yi, suka ga ɗan gyambo suka tsinko nama aka kai gwaji, suka kuma tarar da ƙwayar H. pylori, wadda in ta daɗe tana cin tumbi takan jawo kansa, wato ciwon daji. Sati 2 muna jira ba barcin kirki. Kansa ce, amma hoton CT ya nuna ba ta kai hanta ko wani wuri ba, aka yanke ɓangaren da ta taɓa.

Likitar nan da masu tiyata da nas-nas, Allah ya biya ku. Samarin layinmu da suka ba da jini, abokan Baba na Kasuwar Barci da suka yi karo-karo ba mu roƙa ba, Kawu da ya mai da motarsa tamu kullum Kawo zuwa Zariya, da jama'ar masallaci, Allah ya saka da Aljanna.

Mu ƴaƴansa an ce mu je gwajin ƙwayar, ranar Litinin in sha Allah. Masu zuwa dubiya ku bari sai bayan la'asar, kuma don Allah Goggo kar ki sake ɓoyo masa kilishi, kaɗan-kaɗan yake ci tukuna.