PS4 ɗin nan dai ta yi shiru, ashe ba fanka ba ce

Alhamdulillahi 'yan uwa, jiya da daddare na kunna ta na buga FIFA har aka ɗauke wuta, ban ji ƙarar nan ba, jan layin nan na saman akwatin mai nuna ta yi zafi ma bai ƙifta ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka san halin da nake ciki tun shigowar bazara sun san abin da wannan ke nufi a wurina. Tsohuwar PS4 (na'urar gem ta PlayStation 4) ce mai ƙiba, samfurin CUH-1100, ta hannu na saya, kuma tun watan Maris da zafin Katsina ya fara haura digiri 40 da rana sai ta koma injin niƙa, minti kaɗan da shiga gem fanka ta ɗauki kuka, can sai rubutun nan ya fito wai ta yi zafi a kashe ta a jira ta huce.

Abin da kowa zai fara yi shi na yi. Na ɓare sitikun baya, na kwance sukurori da sukudireba T9 mai rami a tsakiya (sukudireban da ba shi da ramin nan kada ma ka wahalar da kanka, ba zai zauna ba), na ɗaga murfin ƙasa na bi fanka da buroshi. Ƙurar hunturu ce jajawur a kan kowane fiffike. Na riƙe ta da yatsa na hura da bulowa, don in ka bar ta tana juyawa da ƙarfin iska kana iya kashe ta a banza. Na cire fawa (akwatin da ke ba injin wuta) saboda iskar da ta fito daga hitsink (ƙarfen da ke janye zafi) ta cikinta take bi kafin ta fita baya, a nan na tarar da kashin kyankyasai da gawar guda biyu, su dama ɗumin wurin suke so. Wayar fawa ɗin nan mai ƙananan fil ku bi ta a hankali don Allah, soket ɗinta tashi yake daga kan bod (babban allon injin) gaba ɗaya in aka fizga. Duk wannan ya rage ƙara kaɗan, amma zafi na nan.

Sai na shiga ciki sosai, na cire diraif ɗin faifai, na juya ta na cire hadis (ma'ajiyar gem) da farantin ƙarfe, na kwance maƙalar nan mai sukuru biyu da ke danne APU (ƙwaƙwalwar injin, inda zafin ke tasowa) a kan hitsink, na ɗaga bod. Fuskar hitsink ta ɓangaren fanka a toshe take, ƙura da zaren kafet sun daskare sai da na sa tsinken sakace na ɓamɓaro su. Tsohon fes, man nan da ake shafawa tsakanin APU da hitsink don zafi ya ƙetara, ya bushe yana marmashewa. Na goge da sifirit da auduga, na sa irin farin fes ɗin nan na sirinji da masu gyaran waya da kwamfuta ke sayarwa da arha, na rufe ina murna. Ta yi lafiya na ɗan lokaci, har na fara yi wa yaran unguwa alfahari, sai ga kuka ya dawo kamar ba a taɓa buɗe ta ba. Wallahi ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba.

Kowa ya ce fes ɗin ne ba shi da kyau. Na yarda, na yi odar Arctic MX-4 daga Kano, da kuɗin mota da komai sai da ya tasar ma naira dubu tara, ɗan sirinji gram 4 kacal, kuma sai da na duba lambar da ke jikin kwalin a waya don jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Na sa, na rufe. Ƙara ta ragu amma da na shiga gem mai nauyi sai fanka ta sake tashi, iskar da ke fita ta baya kuma ba ta da zafin da ya kamata. Wannan ne ya tsaya mini a rai. In injin yana ƙonewa a ciki amma iskar baya ɗumi-ɗumi ce kawai, to zafin ba ya ƙetarawa daga APU zuwa hitsink ke nan, fanka tana ta aikin banza tana hura ƙarfen da bai ɗauki zafi ba. Wani abokina ya dage sai na sayi sabuwar fanka, na ce masa malam fankar da ke ihu haka ai lafiyarta ƙalau, aikin da aka sa ta take yi.

Da na sake buɗewa ban yi saurin gogewa ba, na ɗaga bod a miƙe na kai shi bakin taga na zauna ina kallon shatin fes ɗin. In an danne daidai, fes zai baje siriri ko'ina a kan madubin APU har kana hango ƙyallin ƙarfen ta cikinsa, ragowar kuma ya tsattsafo ta gefe huɗu. Nawa ba haka yake ba. Kusurwa ɗaya ta matse tas, ɗaya ɓangaren kuwa fes na nan da kaurinsa, har da 'yan tsinin nan da yake yi in an ɗaga abu daga kansa ba tare da ya taɓa dannuwa ba. Wato bod ɗin a karkace yake zaune. Na duba maƙala, ba ta lanƙwashe ba. Na duba ko wani sukuru ya faɗa ƙarƙashi, babu. Sai idona ya kai kan tamal fad ('yan fallayen roba masu ƙetarar da zafi) da ke kan farantin hitsink, waɗanda ke taɓa ƙwayoyin RAM. A wannan samfurin ƙwayoyin RAM ɗin guda 16 ne, takwas a kowace fuska, kuma na ɓangaren hitsink ɗin ba na kamfani ba ne, wasu shuɗɗa ne masu tauri da aka yanka da reza ba ko daidai ba. Na cire ɗaya na jera shi da na ɗaya fuskar, ya kusa ninka shi kauri. Wani mai gyara ne can baya ya sa abin da ya samu a hannu, su suka tokare bod suka hana APU kwanciya. Mai ita na farko ƙila ɗakinsa da AC, ko lokacin sanyi ya sayar, shi ya sa abin bai nuna ba sai da ta haɗu da Afrilun Katsina a ɗaki mai rufin kwano.

Samun fad mai kaurin milimita 1 ya fi komai ba ni wahala. Na zaga shagunan masu gyaran laftof, yawanci in ka ce tamal fad sai a miƙo maka fes. A ƙarshe wani bawan Allah ya ciro mini ragowar wani falle mai laushi daga durowa, ya caje ni kuɗin da na san ya fi ƙarfin abin amma ban ko taya ba. Na yanka daidai girman kowace ƙwaya, na ɓare ledar fuska biyu, na ɗiga MX-4 a tsakiya ƙasa da ƙwayar wake. Kafin rufewar gaske sai da na yi gwaji: na ɗaure maƙala na sake kwancewa don in ga shati, ya fito siriri daidai ko'ina, dariya na yi ni kaɗai a ɗaki. Asarar fes ce amma ta biya. Na goge na sake sawa. Sukurorin maƙala kuma juyi ɗaya nan juyi ɗaya can har su tsaya, kada ka ƙure ɗaya ka bar ɗan uwansa.

Masu cewa a ƙara wasa (ɗan zoben nan da ake sa wa sukuru) a ƙarƙashin sukurorin don matsi ya ƙaru, ni dai ban yi ba kuma ba na ba da shawara, ƙarin matsi a kan dalmar da ke ƙarƙashin APU ba abin wasa ba ne, in ta tsage ka tashi daga matsalar zafi ka koma ta shuɗin haske, inda za ta yi ta ƙifta shuɗi ta ƙi tashi. Haka masu huda murfi da dirila saitin fanka, an tsara hanyar iskar ne ta shiga ta gefe ta bi ta kan bod, in ka buɗe mata gajeriyar hanya wasu sassan sun rasa rabonsu.

Yanzu iskar baya zafi take fitowa sosai har ba ka son barin hannu a wurin, fanka kuma sai ka kasa kunne. Na fitar da ita daga cikin kabad ɗin talabijin, na ɗora ta a kan marafan gora huɗu, na matsar da ita nesa da bango. Saura in gwada ta da azahar ranar Juma'a in akwai wuta, don gwajin dare ba ya gamsar da ni a garin nan. Akwai kuma wani ɗan ƙas-ƙas da fankar ke yi in ta zo tsayawa, ina zargin boris ɗin da take juyawa a kai ne ya fara gajiya. In akwai wanda ya taɓa buɗe fankar wannan samfurin ya sa mata mai ta zauna lafiya, ya gaya mini wane mai ya sa, don man keken ɗinki kawai gare ni a gida kuma ban yarda da shi ba tukuna.