"Malam, Na Nawa Ya Zo?"

Duk mai ƙaramar makarantar kuɗi a cikin unguwa ya san ƙarshen zango lokacin ciwon kai ne. Malamai suna ta haɗa maki, ni ina bin katin sakamako ɗaya bayan ɗaya ina sa hannu, iyaye kuma tambayarsu guda ce, na nawa yaro ya zo. Kaɗan ne suke tambayar ko ya iya karatu.

Manhajar da muke bi ba mu muka rubuta ta ba. NERDC, hukumar gwamnatin tarayya mai tsara manhajar karatu, ita ce ke fitar da ita, ta ilimin bai-ɗaya na shekara 9 da ya biyo bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004. Da aka yi mata garambawul a 2012 an haɗe darussa da dama wuri guda, an rage wa yara nauyin jaka, kuma hakan ya yi. Daga cikinta muke fitar da aikin mako-mako, malami ya rubuta shirin darasinsa, in duba kafin ya shiga aji. Sai dai manhaja tana ɗauka cewa ɗan aji uku ya riga ya iya karatu da kansa. A ajinmu kuwa za ka tarar da wanda ke karanta labari tiryan-tiryan zaune kusa da wanda har yanzu yake kokawa da ba, bi, bu. Malami yana gudun kada mako ya wuce shi, sai ya bar na biyun a baya.

A wurinmu maki 40 na gwajin cikin zango ne, 60 na jarrabawa. Aikin gida ba na ba shi maki mai yawa, domin sau tari rubutun yaya ne ke dawowa a littafin ƙane. Abin da na fi dogara da shi wani gwaji ne da wata malamarmu ta kawo, wadda ta samu horo a Mu Karanta, shirin koya wa yara karatu na Bauchi da Sakkwato. Ana kiran yaro shi kaɗai, a miƙa masa gajeren labarin Hausa da bai taɓa gani ba, ya karanta na minti ɗaya. Malama tana riƙe da nata kwafin, tana ja wa duk kalmar da ya yi tuntuɓe layi. Bayan nan ta yi masa 'yan tambayoyi: wa ya je kasuwa, me ya sayo? Nan hadda ba ta ceton kowa.

Da wannan gwajin muka gano wata yarinya 'yar aji huɗu da kullum take cikin na farko-farko. Abin da aka rubuta a allo ta haddace shi tsaf, amma da aka ba ta sabon labari sai ta ɗora yatsa a layin farko ta tsaya, idonta ya ciko. Mahaifinta a lokacin yana so a tsallakar da ita zuwa ƙaramar sakandare, kamar yadda ake yayi yanzu. Na ce masa, "Alhaji, don Allah ka ba mu zango biyu da ita." Bai ji daɗi ba, amma ya bar ta. Wasu iyayen ba sa bari. Washegari sai ka ga yaro da yunifom ɗin wata makaranta, inda za a cika masa kati da maki tamanin-tamanin. Kuɗi ne ke fita daga hannuna, ga albashin malamai da kuɗin haya suna jira, kuma raina yana ɓaci. Duk da haka ba zan sa hannu a kan makin da yaro bai ci ba.

Yanzu bayan tashi muna tsayar da masu rauni na rabin awa, muna zaunar da su gwargwadon inda karatunsu ya kai, ɗan aji biyu da ɗan aji biyar kan tabarma ɗaya idan matsalarsu ɗaya ce. Matsayi yana nan a kati, tunda iyaye ba za su yarda a cire shi ba, amma a ƙarƙashinsa malamin aji yana rubuta kalma nawa yaro ya karanta a minti ɗaya a farkon zango, da nawa ya karanta a ƙarshensa.