Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙoda Ta Zauna, Kai Ya Rikice

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallame ni daga asibiti, ɗauke da ƙodar Yayana a cikina.

Wata biyu da komawata gida hannuna ya soma rawa. Da fari zare ne nake kasa zurawa a allura, daga baya kofi ma sai na tallabe shi da hannu biyu. Barci ya ƙaurace mini, kaina kullum kamar an ɗaure shi da igiya. Ga mantuwa: in shiga ɗaki in tsaya ina raba ido, abin da ya kawo ni ya ɓace.

Ban gaya wa kowa ba. Mutum ya yarda an yanka shi ya ba ki ƙodarsa, sannan ki buɗe baki kina ƙorafin rawar hannu? Gani nake butulci ne.

Shi ɗin ne kuma ya gano ni. Ya zo duba ni, sau uku ina tambayarsa ya iyali. A na ukun ya ƙura mini ido ya ce, "Ƙanwata, ɗauko mayafinki."

Likita bai fara da ƙoda ba. Ya sa na miƙe hannuwa, ya auna hawan jinina, sannan ya tambaya ko na sha wani magani ban da nasu. Na ce na tari ne kawai, clarithromycin. Sai ya ajiye biro. Ashe hanta ce ke narkar da tacrolimus, maganin da nake sha duk bayan awa 12 don kada jikina ya ƙi ƙodar, shi kuwa maganin tarin yana tare mata hanya. Sai tacrolimus ya taru a jini ya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ya haɗu da hawan jini, in ji shi, har kumburi yana kawowa a bayan ƙwaƙwalwa, gani ya dushe, mutum ya yi ta jijjiga. Rashin barcin da saurin fushin da nake yi kuwa, akwai hannun prednisolone a ciki, wani maganin da shi ma nake sha saboda ƙodar.

Na ce, "To Likita, in daina sha mana?"

Ya ce ko ƙwaya ɗaya kada in kuskura in rage da kaina, ƙodar ce za ta tafi. Ya rubuta a ɗebi jinina washegari da safe, kafin in sha na safen.

Yaya bai ce uffan ba har muka shiga mota. Abin da ya faɗa mini a hanya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.