Abin da Kujerar Direba Ta Koya Mini

Lokacin da aka ɗauke ni aikin tuƙi a wani ofis a nan Sakkwato, ina ganin babu abin da ya rage mini a sanin mota, domin na yi shekaru ina yaron mota a tasha, na iya canjin taya, ina gane lafiyar inji daga ƙararsa, kuma ga lasin a aljihuna. Sai aka haɗa ni da wani tsohon direba da kowa yake kira Baba, mutumin da ya fara riƙe sitiyari tun ana bin hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama a 1972. Ranar farko bai bar ni na tayar da motar ba. Ya ce in shiga in zauna yadda na saba, ni kuwa na kwantar da bayan kujera kamar yadda na ga masu Golf suna yi a tasha, na miƙa hannu ɗaya na ɗora a saman sitiyari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, can ya ce, "Ɗana, wanga zama na mai jiran shayi na, ba na direba ba."

Abin ya sosa mini rai a lokacin, amma na haɗiye. Ya sa na tura ƙuguna har ƙarshen kujera yadda babu rata tsakanin bayana da majingina, sannan ya ce in taka kuloci har ƙasa. Ƙafata ta miƙe sambal, yatsuna ne kawai suke kaiwa. Ya nuna mini cewa dole gwiwa ta ɗan lanƙwashe ko da an take feda har ƙarshe, saboda wanda ƙafarsa ta miƙe ba shi da sauran ƙarfin da zai ƙara wa birki idan abu ya taso, kuma idan aka yi karo, miƙaƙƙiyar ƙafa ita take ɗaukar dukan ta kai shi har ƙugu. Bayan mun matso da kujerar gaba, ya ɗago majinginar har ta kusa tsayuwa, ya ce in miƙa hannu ba tare da kafaɗata ta rabu da kujera ba. Idan wuyan hannuna ya sauka a saman sitiyari, to an daidaita, domin idan na dawo da hannuwan gefe da gefe na riƙe, za su samu lanƙwasar da ake bukata wajen juyawa. Sai bayan duk wannan ya yarda na taɓa madubi. Hujjarsa ita ce madubi zaman mutum yake bi, wanda ya gyara madubi kafin kujera zai sake gyara shi, ko kuma ya yi ta tafiya yana leƙe da wuya. Madubin gefe kuwa ya ce in buɗe shi waje har sai ɗan siririn jikin motar ne kaɗai nake gani, tunda ba ƙofar motata nake son kallo ba, mai babur ɗin da zai ɓullo ta gefena nake nema.

Daga baya, da ofis ya sayo motoci masu jakar iska a tsakiyar sitiyari, wadda bakanikai suke kira eyabag, na fahimci cewa matsowa ma tana da iyaka. Jakar tana fashewa ne da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ake so a bar aƙalla santimita 25, wato taƙi guda da ɗan ɗori, tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari. Gajeren mutum yakan manne da sitiyari don ya hangi hanya, alhali abin da yake bukata shi ne ya ɗaga kujerar sama da hannun da ke gefenta, ya kuma saki makullin da ke ƙarƙashin sitiyari ya daidaita shi, abin da da yawa daga cikinmu ba su ma san yana motsi ba.

Darasin da ya fi zama mini a rai ban koye shi daga bakin kowa ba. Motocin ofis ba na mutum ɗaya ba ne, yau kai, gobe wani, kuma akwai abokin aikina dogo wanda idan ya sauka sai ka tarar da kujerar ta koma can baya. Wata safiya aka tashe ni da gaggawa zuwa Jega, na ja ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera na matso da ita, na saki ba tare da na jijjiga ta na ji ta kama ba. Mun wuce Boɗinga da Shagari lafiya, muna gab da Tambuwal sai ga jaki da kayan kara ya faɗo kan kwalta, yaron da ke kora shi yana can baya. Na taka birki da ƙarfi, kujerar ta zame da ni gaba har gwiwata ta bugi ƙasan dashbod, ƙirjina ya kusa haɗuwa da sitiyari, motar ta ɗan yi wutsiya kafin Allah Ya sa ta tsaya. Jakin ya ƙetare abinsa ko a jikinsa. Na sauka gefen hanya ƙafata tana rawa, na duba, sai na ga haƙoran layin kujerar ba su shiga raminsu ba tun daga gida, ga kuma murfin gorar ruwa ya maƙale a cikin layin. Tun daga ranar, duk saurin da ake yi, sai na tura kujera gaba da baya da jikina na ji ta ce ƙas kafin in sa giya, kuma ban sake gyara kujera mota tana tafiya ba.

A tsayuwar nan ce kuma na lura da butar alwala da ke yawo a ƙasan kujerata. Kusan kowace mota a garin nan tana da buta da sallaya, kuma haka ya kamata, sai dai wurin buta but ɗin mota ne ko aljihun ƙofa, domin abin da ya gangaro ya shiga ƙarƙashin fedar birki ya hana ta sauka. Haka silifa mai santsi da kafet ɗin da ya naɗe. Ƙananan abubuwa ne da ba a kula su sai ranar da suka yi aikinsu.

Matashin kai da ke saman kujera shi ne abin da na ga mutanenmu sun fi rainawa. Wasu suna ɗaukarsa wurin hutawa ne kawai, wasu ma cire shi suke yi saboda yana ture musu hula ko yana ɓata ɗaurin rawani. Aikinsa na gaskiya yana bayyana ne idan aka bugi mota ta baya, lokacin da jiki yake tafiya gaba tare da kujera, kai kuma ya koma baya da ƙarfi. Idan babu abin da zai tare ƙeya, wuya ne yake biya. Ana so samansa ya yi daidai da saman kai, kuma ya kasance kusa da ƙeya, ba can ƙasa a bayan wuya ba, inda zai zama kamar dutsen da ake karya kara a kai. A cunkoson shataletale da yamma, inda kowa yake bin bayan wani a manne, irin wannan bugun ne ya fi yawa.

Maganar bel ta fi wuya, domin a nan ba da ƙarfe kake mu'amala ba, da mutane ne, kuma mutanen da suka girme ka a matsayi. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro a 1959, yana cikin kowace mota, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi tun 2003, amma har yau da yawa suna jawo shi ne kawai idan sun hango jami'an a gaba. Wasu kuma sukan ɗaura shi ta bayansu su zauna a kai, don motar ta daina ƙara. Na taɓa ɗaukar wani babba zuwa Gusau, ya sha babbar riga mai aiki da sitaci, ya kwantar da kujerar gaba har ƙasa zai yi barci. Na san cewa wanda ya kwanta haka, ko da bel a jikinsa, zamewa yake yi ta ƙarƙashinsa idan aka yi karo, bel ɗin ya kama ciki ko wuya maimakon ƙashin ƙugu da ƙirji. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa, muna kaiwa Dange na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar nan akwai ramuka da manyan motoci, da za a ɗan ɗago kujerar a sa bel, da hankalina ya fi kwanciya." Ya dube ni ta wutsiyar ido, ya ce rigar za ta yamutse, amma ya ɗago. Na gane cewa idan ka mayar da maganar ta zama roƙo domin kwanciyar hankalinka, babba yakan karɓa, idan kuwa ka kawo ta a matsayin doka ko gyara, ka rasa shi. Na zaunen baya ma ba su tsira ba, kuma wanda bai ɗaura ba kan na gaba yake faɗowa. Mace mai juna biyu kuwa ta ƙarƙashin cikin ake ratsa bel ɗin ƙasa, ba ta kansa ba, kuma wannan uwargidana nake roƙo ta faɗa wa mata, don ba maganar da ta dace da bakina ba ce.

Sai zafin garinmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rana take haura digiri 40, motar da ta wuni a fili takan zama tanda, ƙarfen bel yana ƙuna, sitiyari ba ya taɓuwa. Da can ina shiga nake kunna esi har ƙarshe da gilasai a rufe, sai Baba ya nuna mini cewa wahalar da na'urar nake yi: a fara sauke gilasai a yi 'yar tafiya iskar da ta dahu ta fita, sannan a rufe a danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe, wanda yake sa na'urar ta riƙa juya iskar ciki. Maɓallin yana da amfani ƙwarai a hunturu, ko idan kana bin bayan tirela a hanyar Illela ƙura ta turnuƙe. Amma idan aka bar shi a doguwar tafiya da mutane cike da mota, iskar takan yi nauyi ta jawo gyangyaɗi, da damina kuma gilashi ya yi hazo, saboda haka nakan saki iskar waje lokaci zuwa lokaci.

Akwai wasu da na gano a makare har nake jin kunyar faɗa. Na shekara biyu ina zagaye a gidan mai kafin in san cewa 'yar kibiyar da ke jikin hoton famfo a agogon mai tana nuna gefen da murfin tanki yake, kuma adadin iskar da taya take bukata yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Ɗan harshen da ke ƙasan madubin ciki, idan aka ture shi da dare, yana rage hasken fitilar na baya. Makullin yara kuwa, ɗan ƙaramin maɓalli a bakin ƙofar baya wanda yake hana buɗe ta daga ciki, na san shi ne ranar da aka ba ni yaran wani ma'aikaci in kai su makaranta, ƙaramin cikinsu ya ja hannun ƙofa muna kan gadar sama. Na tsaya na danna na ƙofofin biyu, na manta ban mayar ba, da rana kuma na ɗauko baƙi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, muka iso ofis suka yi ta jan ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai da na zagayo da gudu na buɗe musu. Ɗaya daga cikinsu ya yaba da ladabin direbobin Sakkwato, ni kuwa na ce masa na gode.