Yaron da ya tsayar da inji

Makon jiya na leƙa ƙaramar masana'antar ruwan leda da ɗan ƙanena ya buɗe a unguwar Rigasa ta Kaduna, na tarar yana zazzaga wa wani yaro masifa don ya tsayar da inji da ya ga leda tana yoyo. "Baba, asara yake jawo mini," in ji shi. Na yi shiru, domin maganar tawa ce ta dā.

Shekara tara na yi ina shugabantar irin wannan aiki a Kakuri. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana jikin kowace leda, takardar shaida tana rataye a ofis, ni kuwa na ɗauka an gama da batun inganci. Matatar da ta isa sauyawa sai in ce a ƙara mata wata guda. Ranar da dattijon da ke kula da inji ya ce ruwan ya sauya ɗanɗano, a gaban yara na zaftare masa kuɗin mako. Daga ranar babu wanda ya sake kawo mini labarin matsala, na zaci matsalolin ne suka ƙare, har sai da dillalan Kawo da Tudun Wada suka fara dawo da jakunkuna. Ina da uzuri fa: wuta ba ta zama, man janareta yana cinye riba, mai kamfani kuma yawan jaka kaɗai yake tambaya. Wa zai tsayar da inji a watan Afrilu, masu kura suna layi tun asuba? Sai dai dattijon nan shi ma yana da iyali, kuma bai ɓoye ba.

Shawarwari da yawa na shirya wa ɗan nawa, biyu suka rage. Kada ku hukunta wanda ya nuna aibi. A masana'antun Toyota, kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa mota. Sannan ku rubuta ranar da aka sauya matata a littafi, ko da yake takarda ce ta ruɗe ni, kuma ku yaran yanzu in ba a waya ba, ba kwa karanta komai.

Kafin in tafi na tambayi ɗan nawa yaushe aka sauya matata. Ya ɗago daga wayarsa, ya ƙwala wa yaron nan kira ya zo ya faɗa mini.